Alawar da Sallah Ta Bari a Kurfai

Duk wanda ya ce wa yaron Filinge, a nan ƙasar Kurfai, akwai wani abu wai shi ragowar alawa, dariya yaron zai yi masa. Abin da yaro ya samo a yawon barka da sallah ba ya kwana uku: ya tsotse, ya yi musaya da abokai, ya manta biyu a aljihun sabuwar riga su narke su bar wa uwarsa aikin wanki. Ragowar tana wajen manya. Tana cikin kwanon samira a ɗakin uwargida, wadda ta sayi leda uku don kada a ce yara sun shiga gidan wane sun fito hannu rabbana, sai ga shi waɗanda suka zo ba su kai yadda ta zata ba. Tana kuma wajen mai tebur na bakin tasha, wanda ya saro kwalaye daga Yamai ana saura mako biyu sallah, ya sayar da abin da Allah ya nufa, sauran ya zuba musu ido. Da can ana cewa sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Yanzu har mai hankali tana barinsa da kwalin bombom.

Ra'ayina a kan wannan ragowa ba shi da tsawo. Sukari ce da aka riga aka biya kuɗinta, mazaunin sukari kuwa tukunya. A kwance ta daga leda, a narka, a haɗa da gyaɗa ko riɗi ko kunu, ta koma abin da za a iya kira abinci. Abin da ke ba ni mamaki shi ne a ce mu Kurfayawa sai an tuna mana da haka, mu da ko ƙashin layya ba mu yarda ya tafi a banza ba.

A duba yadda muke yi da babbar sallah. A Nijar ba a cinye rago ranar da aka yanka shi. A feɗe, a baje shi a kan gicciyayyun itatuwa, a jera kewaye da wuta tun hantsi har dare, sai washegari a yi rabo, a aika wa surukai da maƙwabta da malamin yara. Abin da ya rage, mata su yanyanka, su soya har ruwan jikinsa ya ƙone, a adana shi cikin kitsensa. Gidan da ya iya tattali yakan yi watanni yana jefa tsoka ɗaya ko biyu a miya. Kai da ƙafa da kayan ciki da kakide da fata, kowanne da inda ake kai shi. Ba a lakwal matan ƙauyukan Shikal da Luma suka koyi wannan ba. Ƙasa ce ta koya musu, ƙasar da damina ke yi wa wata uku in ta ga dama, wadda ta sha yunwar 2005 bayan fari da farar ɗango na 2004, ta sake shan wata a 2010. Macen da ta iya ajiye nama ba tare da firigo ba har ya ga wata na huɗu, ita ce kuma za ta bar alawa ta yi gumi a kwano har ta manne ta zama curi guda, daga ƙarshe a watsa wa tururuwa. Ina ganin dalilin shi ne ledar nan. Abin da ya zo a naɗe, da rubutun Turanci ko Faransanci a jikinsa, muna ɗaukarsa an gama shi, ba mu da ikon sake shi. Gero namu ne, muna dakawa mu yi yadda muka so da shi. Alawar kanti baƙuwa ce, muna jin nauyinta.

Kafin ta zo, zaƙin ƙasar Hausa a turmi da tukunya ake yinsa. Akwai nakiya, ta garin shinkafa da zuma da man shanu da kayan yaji, wadda ke yin watanni ba ta canza ba, shi ya sa ma ake sa ta a garar amarya. Akwai alkaki da dubulan da dakuwa da kantu. A kudu, inda rake ke yi, akwai mazarƙwaila. Mu nan yamma, a kwarin Dallol Boso, rake bai wadace mu ba, zaƙin yaro yana daji: magarya, aduwa, goruba. Ba zan yi ƙaryar cewa kowane gida na yin nakiya da sallah ba, don aiki ce ta masu hali da masu hannuwa da yawa. Nan ne alawar leda ta yi nasara, kuma da gaskiyarta. Ba ta son itace, ba ta son daka, ba ta son mace ta kwana a gindin murhu ana gobe sallah bayan ta yi kwana talatin tana fama da kayan buɗa-baki. Ga ta da saukin ƙirga: yara arba'in, alawa arba'in, ba wanda zai ce an fi so da wane. Wanda ke zagin mata don sun koma sayen bombom bai taɓa riƙe taɓarya ba.

Sai dai a tuna nisan da ta yi kafin ta iso. Kusan duk sukarin da ake sha a Nijar shigo da shi ake yi, haka ma mafi yawan alawa. Wata daga Najeriya take, irin su TomTom da kamfanin Cadbury ke yi a Legas tun 1970, ta biyo ta Ƙonni ko Maraɗi. Wata ta jirgin ruwa ta zo, ta sauka a Kwatano ko Lome. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakoki; ta Najeriya ta sake buɗewa a Maris 2024, amma gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin ta daɗe a toshe, manyan motoci suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso da rakiyar soja. In kaya sun sauka Yamai, da sauran tafiyar kilomita kusan 180, a bi ta Hamdallaye da Balayara da Bonkuku kafin a ga duwatsun Filinge. Kowane mataki da kuɗinsa, kuma duk yana cikin dala biyar ɗin da ake miƙa wa mai tebur. Abin da ya sha wannan hanya, a ce ƙarshensa bola, ni dai ban ga hikimar ba.

Ga kuma rana. A 2023 da 2024 da 2025 ƙaramar sallah ta faɗo ne tsakanin ƙarshen Maris da ƙarshen Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa. Cakulan ba ya ma jira, tun kafin ya kai zafin jikin mutum ya sake. Alawa mai tauri ta fi shi juriya, domin sukari ne da ruwan gulukos aka dafa har wajen digiri 150, ruwan ciki ya kusa ƙarewa ƙaf. Zafi yana sa ta laushi, in kuma iskar damina ta fara kaɗawa sai ta ja danshi ta yi gumi, ta kama leda. Mummunar kama ce, amma ba ruɓewa ba ce, don ƙwayoyin cuta ba sa iya yaɗuwa inda sukari ya yi yawa ruwa ya yi ƙaranci haka. Wadda ke lalacewa da gaske ita ce mai madara da mai maiƙo, don mai yana ɗaukar wari in ya daɗe a zafi. Hanci ya isa ya raba gardama. Wadda ta yi warin tsohon mai, ko ƙwari suka shiga, a zubar kawai, tattali bai kai nan ba.

Abin da na fi tsoro ba ma zubarwar ba ce, ajiyar ce. Tsakanin ƙaramar sallah da babba wata biyu ne da kwana goma, kuma mai tebur ya san haka. Sai ya tura kwalin ƙarƙashin gado, in layya ta matso ya fito da shi ya gauraya da sabo. Abin da bai tafi ba ya jira Mauludi. Ranar ƙarewar wa'adi a jikin babbar leda ake bugawa, ba kasafai take kan kowace ƙwaya ba, saboda haka yaron da ya zo da dala biyar ba zai taɓa ganinta ba, ko da ya iya karatu. Uwargida ma haka take yi da nata kwanon, da kyakkyawar niyya. Alawar da ta ga salla uku ba kyauta ba ce.

To ga yadda ake yi, ga wadda ba ta taɓa gwadawa ba. Aikin farko tsincewa: masu tauri masu ɗanɗanon lemo ko ƴaƴan itace gefe guda, masu madara gefe guda, masu na'ana'a da yaji-yajin sanyi gefe guda. Masu taurin su ne jari. A kwance su, a ƙulle a tsumma mai tsabta a ɗan daddaka a turmi, don in aka daka su tsirara rabinsu zai manne a jikin turmin. A zuba a tukunya mai kauri da ruwa cokali biyu ko uku, wuta kaɗan-kaɗan, garwashi ya fi harshen wuta. In sun narke sun fara kumfa, a ɗiga ɗigo ɗaya a kofin ruwan sanyi. Ya daskare ya karye ƙaras, to ya yi; yana danƙo, a ƙara masa lokaci. Daga nan a juye soyayyiyar gyaɗa da aka murje ɓawonta, ko soyayyen riɗi, gwangwani biyu ga gwangwani ɗaya na alawa, a juya da sauri, a zuba a faranti da aka shafa wa mai, a danne da kwalba, a yayyanka tun da ɗuminsa. Wadda ta tsaya amsa sallama a wannan gaɓa, sai dai ta fasa da guduma. Launin ba zai burge kowa ba, ja da kore da rawaya in sun haɗu ƙasa-ƙasa suke komawa, amma kantu dama ba don kyan fuska ake sonsa ba. Wannan alawar ma ta fi sukarin kwali sauƙin sarrafawa, don gulukos ɗin da ke cikinta yana hana ta komawa gari-gari a tukunya, abin da ke ɓata wa masu koyo kantunsu na fari.

Abu biyu ba a wasa da su. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma in ya zuba a fata ba ya gangarewa, mannewa yake. A kori yara daga gindin murhu, ko da za su yi kuka. Sannan a tsince gyaɗar da kyau, duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a fitar, don gubar da ke cikinta wuta ba ta kashe ta, kuma hanta take ci.

Sauran ba su da wuya. Masu madara a jefa su a kunun gyaɗa ko koko tun yana kan wuta, su tsaya a madadin sukari. Masu tsami-tsami su narke a zoɓo ko kunun tsamiya ko ruwan kuka. Mai firigo ta ɗaure a leda ta yi ƙanƙara, a bazara ba ta rasa masu saye ba. Masu na'ana'a na majalisar shayi ne, a zuba biyu-uku a zagaye na uku a rage sukari. Kada dai a yi gangancin sa TomTom a kantu, sai ya fito da ɗanɗanon maganin mura. Dabinon da ya rage daga azumi, wanda ya bushe har haƙori ke tsoronsa, maƙwabtanmu Abzinawa sun daɗe da sanin maganinsa, suna daka shi da cuku a cikin fura. Ga kuma kwalayen sukarin azumi da aka kai gidan surukai, su dama ba su taɓa rasa aikin yi ba.

Na san abin da ma'aikacin lafiya zai ce, kuma yana da gaskiya rabi da kwata: sukari sukari ne, ko a leda ko a faranti. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini, in da hali ma ya tsaya ƙasa da kashi 5, wato wajen giram 25 ga babban mutum, cokalin shayi shida. Alawa shida ko bakwai sun cinye wannan kason. Narkawa ba ta rage ko giram ɗaya ba. Abin da take canzawa shi ne rabo da lokaci. Yaron da aka miƙa wa cikin hannu na bombom zai wuni da ɗaya a kunci, haƙoransa na jiƙe cikin sukari daga safe har magariba, kuma daɗewar nan ce ke cin haƙori fiye da yawan. In aka mayar da cikin hannun nan kunu, gida guda ne zai sha, a zama ɗaya, a kuskure baki a tashi. In kantu ne, kashi biyu cikin uku na abin da ya shiga cikinsa gyaɗa ce, wadda kusan rubu'inta sinadarin gina jiki ne, kusan rabinta mai. Kantu ma yana maƙalewa a haƙori, ban ɓoye ba, asawaki bai huta ba. Amma a yankin da mafi yawan likitocin haƙori ke can Yamai, kuma tamowa ba baƙuwa ba ce, bambancin da ke tsakanin sukari tsura da sukari mai rakiyar gyaɗa ba ƙarami ba ne. Ƙananan yara kuwa, ƴan ƙasa da shekara huɗu, alawa mai tauri tana iya tsaya musu a maƙogwaro, haka ma ƙwayar gyaɗa. Su nasu kunu ne.

Akwai wata hujjar da ta fi ta likita nauyi a wajenmu. Wata gwaggota, da ta ji ina wannan magana, cewa ta yi: "Kai ɗan nan, abin da aka saya da niyyar kyauta ai ba a mayar da shi tukunya. In ya rage a ba almajirai." Na ce, "Gwaggo, ku yi haƙuri, in ya fito daga tukunyar ai su ɗin za a ba." Ba ta ce na yi gaskiya ba, amma ba ta sake magana ba. Tsoronta na gane shi: kada tattali ya zama rigar rowa, kada a ce gidan wane har alawar yara suke narkawa su cinye. Sai dai a tambayi almajirin da ya kwana da yunwa, ko yaran iyalan da rashin tsaro ya koro daga arewa, wajen Abala da Banibangu, me ya fi riƙe ciki tsakanin bombom biyar da yankan kantu guda. Addinin da ya ce a yi kyauta shi ne ya hana almubazzaranci, kuma bai ce a ba mabuƙaci abin da ya manne a gindin kwano ba.

Wani abin kunyar da wannan magana ke tonowa shi ne na madara. Kilomita 20 kacal arewa da Filinge akwai Tukunus, inda tun 1954 ake kiwo da zaɓen shanun Azawak, irin da aka san shi da nono a duk yankin Sahel. Amma yarinyar da za ta yi tuwon madara ko gullisuwa a Filinge, garin madara na buhu take aunowa, wanda ya taso daga Turai, wani ma an cire man shanunsa an maye da man ja. Ba laifinta ba ne, ɗanyar madara ba ta yini a zafin nan, ta buhu kuwa tana jira. Duk da haka wadda ta samu madarar safe ta dafa ta a hankali har ta yi kauri, ta jefa ragowar alawar madara a ciki, za ta ɗanɗani abin da na buhu bai taɓa ba ta ba.

A Amurka ma suna da irin wannan damuwa. Daren 31 ga Oktoba yaransu kan bi gida-gida suna karɓar alawa, har wasu likitocin haƙori kan saye ta daga hannun yaran a kan awo don kada su shanye. Su can kuɗi suke biya a raba su da ita. Mu ba mu kai nan ba, kuma ba na fatan mu kai.

Ledar kanta ma abin dubawa ce. Tun Nuwamban 2014 Nijar ta yi dokar hana shigowa da sayar da ledoji marasa kauri, kowa kuma ya ga inda dokar ta tsaya, ya isa mutum ya dubi ƙayoyin bayan gari. Ledar bombom ƙarama ce, ba mai sunkuyawa ya tsince ta, tana kuma ɗauke da sauran zaƙi, shi ya sa akuya ba ta wuce ta. Mahauta sun san abin da suke tararwa a tumbi. Alawa ɗari da aka raba wa yara, leda ɗari ce a titi. Wadda aka kwance a tsakar gida don tukunya, ledarta na wuri ɗaya, a tattara a binne.

Babbar ragowa dai tana wajen masu tebur, kuma nan ne nake ganin ciniki na jiran masu yinsa. Mai tebur yana da kwalin da ya yi gumi, ba mai saye da daraja, in ya ajiye ya cuci yaran mutane, in ya zubar ya karye. Matan da ke yin kantu da alawar gyaɗa suna aika yara talla ƙofar lakwal da ranar kasuwa, su kuma sukari ne ke cinye musu riba. Ya sayar musu a kan kilo, ƙasa da kuɗin sukari, mako guda bayan sallah, kafin kayan su tsufa. Shi ya fitar da wani abu daga uwar kuɗinsa, su sun samu sauƙi, gyaɗa da riɗin da mata ke nomawa a ƴan gayaunansu sun samu ƙarin kasuwa. Sharaɗin kawai shi ne ya kawo kayan cikin babbar ledarsu ta asali, a ga kwanan wata da ido, a kuma shinshina kafin a biya. Wanda ya ce ledar ta ɓace, a bar masa kayansa.

Cingam ne kaɗai ban samo masa dabara ba. Ba ya narkewa a kunu, ba ya kama gyaɗa, in ya shiga tukunya sai an yi kwana biyu ana kankara. Shi kam a rage saye tun farko.